Kurma da Sandunan Tuta

Da asuba, kafin kowa ya iso, Kurma yana durƙushe gaban injin yanka ƙarfe yana kwance faifansa. Haka yake yi kullum. Sai ya cire faifan, ya riƙe shi da yatsu biyu, ya ƙyasta masa farce, ya saurari rawar da yake yi a fatar hannunsa. In akwai tsaga a ciki hannun ke gaya masa, don kunnen ya daɗe da tafiya. Shekara ashirin da huɗu yana tsaye a bakin injin nan, ƙarar ta cinye masa kunnen hagu ɗungurum, ta ci rabin na dama. Shi ya sa muke ce masa Kurma, bai kuma taɓa jin haushi ba. Mun dai lura da abu guda: in aka ce an kawo shayi, yana ji daga ƙarshen rumfa, in Heluma, wanda ke kula da mu leburori da masu sana'a, ya ce a yi sauri, ko a cikin kunnensa aka faɗa ba ya ji.

Ni mai walda ne. Shi ya yanka, ni in haɗa. Shekara goma sha tara muna haka a kamfanin da ke ƙera ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, taku shida ne tsakanin teburinsa da nawa. Duk maganar da muka yi a shekarun nan ba za ta cika yini biyu ba, ban kuwa damu ba. Na ga masu baki da yawa, na kuma ga abin da suke yi in rana ta ɓaci. Abin da zan faɗa a nan wanda idona ya gani ne, har da nawa abin kunyar.

Kurma yana da wata hanya ta aiki da ba wanda ya ɗora masa. Duk ƙarfen da ya yanka, kafin ya ajiye sai ya ɗauki magagari ya goge bakinsa, ya bi da babban yatsa, in bai ji kaifi ba sannan ya jefa shi a tari. Heluma ya yi faɗa har ya gaji.

"Ƙarfen da za a binne cikin siminti, wa zai gan shi?"

"Lebura zai ɗauka," in ji Kurma. "Da hannu zai ɗauka."

An ce a shekararsa ta farko wani lebura ya sungumi ƙarfen da ya yanka, bakin ya tsaga masa tafin hannu har jijiya, yatsu uku suka daina motsi. Tun ranar babu ƙarfen da ya bar teburinsa da kaifi. Shi kuwa Kurma, da hannunsa ya aurar da 'ya'ya mata biyu, da shi yake riƙe da autarsa a makarantar koyon jinya. Ba shi da gona, ba shi da shago. Hannun ke nan.

Mutum ɗaya ne kawai yake iya sa shi dariya: Mai Faci, wanda rumfarsa ke tsallaken titi daidai ƙofar kamfani. Wani lukuti ne mai babbar murya. Duk la'asar in mun tashi sai ya ƙwala masa kira.

"Kurma! Matarka ta aiko in gaya maka ta gaji da ihu, za ta koma gidan mai kunne!"

"Me? Tayar da ka yi wa faci jiya ta sake sacewa? Ai na sani."

"Ka ji tsohon banza! Wannan ka ji ta sarai!"

"Je ka, mai sayar da iska. Allah ya ba mu kyauta, kai ka sa mata kuɗi."

Sai Kurma ya tsallaka ya zauna a kan tsohuwar taya, su sha shayi kofi ɗaya, sannan ya hau kekensa.

Saura wata guda zaɓe Manaja ya tara mu a tsakar kamfani, ya hau matakalar ofis. Ya ce surukin mai kamfani ya fito takara. In ya ci, kwangilar ƙofofin makarantu kakaf tamu ce, kowa zai sha romo. Don haka ma'aikata za su ba da gudummawa ga yaƙin neman zaɓensa. 'Yan ofis za a cire nasu daga albashi. Mu na rumfa, tunda albashin namu ba ya ɗaukar cira, za mu ba da Asabar uku, aiki kyauta.

"Gudummawa ce, ba tilas ba," in ji shi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Amma a irin wannan lokaci ake gane masu ƙaunar kamfani. Waɗanda ke neman aiki suna nan a bakin ƙofa kullum safiya, kuna ganinsu."

Aka raba mana huluna masu hoton ɗan takarar. Wajen shan shayi Mai Sito, wanda ke riƙe da makullin kayan aiki, ya hau kan benci ya yi mana lacca. Wallahi ba da shi ba, Asabar ɗinsa tasa ce, zamanin bauta ya wuce, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai zo ba. Ran Asabar shi muka tarar ya riga kowa, da hular a kansa. Kurma kuwa ya zo, ya sa hular a ƙarƙashin gwiwarsa ya durƙusa a kai.

Asabar ta farko muka ƙera dandamalin da ɗan takara zai tsaya. Ta biyu muka yi firam na manyan hotunansa. Ban ga laifi a ciki ba. Ƙarfe ne, aiki ne.

Ta uku Heluma ya shigo da wani baƙo, mai kamar shekara talatin, idanu jajir, da tabo daga kunne har gefen leɓe. Mai Tabo muka riƙa ce masa daga baya. Shi ne shugaban 'yan bangar ɗan takarar. Heluma ya ce yau sandunan tuta za a yanka daga bututun ƙarfe, guda ɗari uku. Kurma ya miƙa hannu a ba shi awo. Mai Tabo ya miƙe hannunsa ya nuna daga hamata zuwa kan yatsu.

"Iya nan. Gefe ɗaya a yanke shi a karkace ya yi tsini, don ya shiga ƙasa."

Na sha ganin tuta. Ban taɓa ganin wadda sandarta ba ta kai ƙugu ba. Mu arba'in ne a rumfar, kowa ya san abin da za a yi da su, kowa ya sunkuyar da kai ya nemi safar hannunsa.

Kurma ya yanka a karkace kamar yadda aka ce. Sannan ya ɗauki magagari ya yi ta gugar tsinin har ya daƙushe ya zama kamar kan babban yatsa, ya ajiye, ya ɗauki wani. Heluma ya zo ya tsaya a kansa.

"Kar ka goge! Da tsininsa ake so!"

Kurma ya ci gaba da guga.

"Na ce kar ka goge, kai kurman banza!"

"Eh, lafiya lau. Ya naka gidan?"

Har azahar tamanin ya gama. Heluma ya ga rana za ta faɗi ba a kai rabi ba, sai ya ɗauko ƙananan injinan hannu ya raba wa mutum uku. Ni ne na farko da ya miƙa wa, na kuwa karɓa. Saba'in na yanka, ban goge ko ɗaya ba. Tsininsu in ka ɗora yatsa sai jini.

Da muka tashi muna wanke hannu a famfo, Kurma ya dube ni ya ce, "Nawa ba za su huda kowa ba." Ya hau kekensa ya tafi gida zuciyarsa a kwance. Ya ɗauka tunda ya cire kaifin ya cire hannunsa daga ciki. Shekara ashirin da huɗu haka abin yake a wurinsa: laifin ƙarfe a bakinsa yake.

Ran Alhamis da la'asar 'yan ɗaya jam'iyyar suka biyo titinmu da jerin gwano, za su wurin taronsu. Akwai ganguna, akwai mata da yawa, wasu da goyo. Manaja ya sa an datse ƙofa da kwaɗo, muka tsaya muna leƙe ta tsakanin ƙarafan. Sai ga babbar motar kamfaninmu ta fito daga lungu ta gitta titin. Na san ta, ni na yi mata waldar ƙofar baya. Aka buɗe ƙofar, samari suka dinga dirowa, kowanne da bututu a hannu.

Mai ganga suka fara cim ma. Ɗaya ya soke shi a cinya, bututun ya shiga ya tsaya, ya faɗi a kan gangarsa yana riƙe da shi da hannu biyu. Wani dattijo mai farar riga ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Mutane suka juya da gudu suka tarar an tare baya ma. Suka yi ta faɗawa cikin kwata, wasu a kan wasu, ana binsu ana soka daga sama. Wani saurayi ya rugo ƙofarmu ya kama ƙarfen yana jijjiga yana cewa a buɗe don Allah. Fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya da tawa ba lokacin da aka soke shi a baya. Ya buɗe baki, ya sulale. Na ga bakin bututun da aka zare. Irin yankana ne.

A tsallake Mai Faci yana ƙoƙarin jan injin iskarsa ciki, sai wata mata mai goyo ta faɗa cikin rumfarsa, samari biyu a bayanta. Ya saki injin ya tare ƙofar da jikinsa, ya ware hannuwa.

"Haba 'ya'yana! Mace ce, da goyo! Ku dubi Allah!"

Na gaban ya kai masa suka a ciki, bututun bai shiga ba. Ya duba bakin, ya ja tsaki, ya juya shi ya riƙe da hannu biyu ya sauke masa a gefen kai. Mai Faci ya durƙusa. Ya ƙara masa. Ya ƙara na uku yana kwance. Nan aka ji jiniyar 'yan sanda, ya yar da bututun ya bi 'yan'uwansa.

Ban ga lokacin da Kurma ya kama ƙofa ba, sai ganinsa na yi a sama, mutum mai shekara hamsin da shida, ya dira ta waje. Sai da ya tsallaka titi sannan na bi shi. Kan Mai Faci ya lotsa ta gefe ɗaya, jini na fita ta kunne, idonsa a buɗe, yana numfashi kamar ana jan zarto. Muka ɗora shi a baro. Kafin mu tura, Kurma ya sunkuya ya ɗauki bututun. Ya lanƙwashe kaɗan, da gashi da jini a jiki. Ya bi bakinsa da babban yatsa. Sumul yake, a goge. Ya ƙara bi. Sannan ya ajiye shi a hankali a ƙasa, ya kama baron.

Shi ya tura, ni ina riƙe da kan. A mahaɗa ta biyu, kafin asibiti, numfashin ya tsaya. Na gaya masa. Bai ji ba, ko ya ji, ya ci gaba da turawa har ƙofar asibitin.

Washegari bayan an binne Mai Faci muka je gidan gaisuwa. Ɗaki biyu ne a gidan haya, da tsoffin tayoyi a jingine a bango. Matar tana zaune a tabarma da 'ya'ya huɗu, babbar ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta gane Kurma.

"Yaya, kai ne? Kullum baban yara sai ya dawo da labarinka."

Kurma ya tsuguna daga bakin ƙofa. Ban taɓa jin ya yi doguwar gaisuwa ba, ranar ma bai yi ba. Ya ce, "Ƙanwata, ƙarfen da aka buge shi da shi, ni na yanka."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ka buge shi?"

"A'a."

"Ka san shi za a buga?"

"Na san za a bugi wani."

Ta juyar da kai ta dubi bango. Can ta ce wa babbar 'yar, "Ba su ruwa." Aka kawo, bai sha ba. Ni na sha, ban kuma ce mata saba'in na yanka ba.

Ran Litinin Mai Tabo ya dawo, shi da Manaja. Ana son wasu ɗari biyar saboda ranar zaɓe. Gudummawar 'yan ofis za a sayo bututun da ita, mu kuma mu ƙara rana ɗaya. Mai Tabo yana da ƙorafi.

"Wasu daga cikin na ranar nan ba su da baki. Yarana sun sha wahala. Wane ne mai goge mini kaya?"

Heluma ya nuna Kurma da haɓa. Mai Tabo ya taka har teburin Kurma, ya kama hannunsa na dama kamar mai gaisuwa, ya juya shi yana dubawa.

"Baba, ka ga hannu mai albarka. Wanne ne kunnen da ke aiki?" Ya sunkuya ta dama. "Laraba da hantsi zan turo a fara kwasa. In ban samu kayana da tsininsu ba, hannun nan zan tafi da shi. Ka ji ko?"

"Na ji," in ji Kurma.

Bututun ya iso ran Talata dab da tashi, dogaye sittin da 'yan kai, aka jibge su gefen injin. Heluma ya ce gobe ƙarfe takwas kowa ya kama, ba walda, ba fenti, sai yanka.

Washegari na iso ƙarfe bakwai saura. Tun daga titi na ji injin yana kuka, abin da ba a saba ji ba a wannan lokaci. Kurma ne ke buɗe rumfa kullum, makullinta na wurinsa. Na shiga na tarar ya ɗaure bututun shida-shida da waya, yana tura damin a bakin faifai, yana yankawa gajere-gajere, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Guntaye sun taru har gwiwarsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, faifai uku da ya cinye suna yashe a ƙasa. Dami biyu ya rage.

Ya ɗago ya dube ni. Bai ce taimake ni ba, bai ce tafi ba. Na ajiye jakata na kama ƙarshen damin ina tura masa. Muka gama takwas saura kwata. Ranar ce kaɗai na ga ya yanka ƙarfe bai goge ba, babu lokaci. Ya ɗauko shebur ya kwashe guntayen da kansa ya zuba a durom, don kada wani ya sa hannu. Sannan ya je famfo ya wanke fuska, ya dawo ya zauna a kan kujerarsa.

"Ka tafi gida mana," na faɗa masa a kunne. "Ka ɗauki iyali ku bar gari kwana biyu."

"In bai same ni ba ku zai kama."

Heluma ya leƙa durom ɗin, ya kira Manaja. Manaja ya sauko daga ofis.

"Wa ya yi wannan? Wa da wa?"

"Ni kaɗai," in ji Kurma.

Ina tsaye taku shida daga wurin, da baƙin bututu a tafin hannuna. Na sa hannun a aljihu.

Da hantsi Mai Tabo ya zo da kansa, da mutum shida. Manaja ya tare shi a tsakar gida, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya nuna rumfa da yatsa, ya haye ofis ya murɗa makulli. Mai Tabo ya zo ya leƙa durom, ya ɗauki guntu ɗaya ya zura yatsa a ciki, ya yi dariya.

"Baba, zobe ka yi mana? Aure za mu yi?"

Ya jefa masa a fuska, girarsa ta fashe. Suka rufar masa. Kurma bai tsaya a dake shi kawai ba. Magagarin na hannunsa, ya zabga wa na farko a hanci, na ji ya fashe, yaron ya zube yana tari da jini. Ya sa kai ya tunkuyi na biyu a ƙirji suka faɗi tare. Amma su bakwai ne. Ɗaya ya ciro sarƙar da muke ɗaga kaya da ita ya yi ta tsula masa a baya, wani yana harbinsa da takalmi a haƙarƙari, har ya daina yunƙurin tashi. Suka ja shi ta ƙafa, kansa yana bugun siminti, zuwa inda uwar maƙera take. Biyu suka danne shi, ɗaya ya shimfiɗa hannun daman a kai ya take wuyan hannun da ƙafa. Mai Tabo ya zaɓi babbar guduma, ya gwada nauyinta.

Mu arba'in muna tsaye. Kowannenmu akwai ƙarfe a kusa da hannunsa. Mai Sito ya shige sito ya ja ƙofa.

Bugun farko Kurma ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Na biyu bai yi ƙara ba. A na biyun ne na ga kaina na kunna wutar gas ɗin da nake yanka ƙarfe da ita, na buɗe ta har ƙarshe, na jawo tiyon na nufe su. Wanda ya take wuyan hannun na fara kai wa, wandonsa ya kama, ya yi waje yana ihu yana bugun cinya. Mai Tabo ya ɗaga gudumar ya juyo kaina. Sai na ji motsi a bayana. Masu fenti, leburori, har Heluma, kowa ya ɗauki abin da ya samu. Mai Tabo ya dube mu, ya ƙirga da ido, ya saki gudumar.

"Na karɓi kayana ai," in ji shi. Suka ɗauki mai fasasshen hancin suka fice.

Kada wani ya ce na yi jarumta. Wutar nan tana gabana tun shigowarsu. Da na kunna ta minti biyu kafin nan, da yau Kurma yana da hannu.

Likita ya cire yatsu huɗu da rabin tafin, ya bar masa babban yatsa da ba ya lanƙwasa. Haƙarƙari uku sun karye. Matar Kurma ta same ni a barandar asibiti, 'yar siririyar dattijuwa, autar tana riƙe da ita.

"Kai ne mai waldar?"

"Ni ne, Inna."

"An ce ku arba'in ne a wurin."

"Mu arba'in ne."

Ta gyaɗa kai ta wuce ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yana kwance a gadon asibiti kamfani ya aiko masa da takardar kora, wai ya lalata kayan aiki da gangan. Mai Sito ya hau benci ya yi lacca a kan zalunci, har da hawaye. 'Yan banga suka samo makamansu a wani wuri, ran zaɓe aka yi abin da aka yi a unguwanni uku. Ban ce abin da Kurma ya yi ya ceci gari ba. Ɗari biyar ɗin dai ba su fita daga rumfarmu ba, iyakar abin da na sani ke nan. Ɗan takara ya ci. Kwangilar ƙofofin makarantu ya ba wani kamfani da aka buɗe da sunan matarsa. Bayan wata huɗu namu ya sallami rabin ma'aikata, ina ciki.

Na samu aiki a wani gari mai nisa. Ranar da zan tafi na biya ta kamfani in kwashi kayan aikina. Da na fito sai na ga rumfar Mai Faci a buɗe. Matar marigayin tana zaune daga ciki a kan benci, ita ke karɓar abin da masu ababen hawa suka biya. A waje Kurma ne zaune a ƙasa, ya rame, ya take wata tayar babur da ƙafa biyu yana ɓanɓare ta da hannun hagu. An gaya mini wata biyu ke nan yana zuwa kullum, ba ya ɗaukar komai sai abin da ta tilasta masa da yamma. Autar ta bar makaranta zangon nan, ta kama aiki a wani kantin magani.

Na tsallaka na tsuguna ta gefen dama.

"Zan tafi, Yaya."

"To."

"Ranar nan, da na yi magana lokacin da Manaja ya tambaya..."

"Riƙe mini nan," in ji shi.

Na riƙe bakin tayar, ya zaro robar ciki. Mai babur ɗin, wani matashi mai gaggawa, yana ta duba agogo yana cewa Baba a yi sauri. Kurma bai ji ba. Ya taka famfon iska da ƙafa har robar ta kumbura, ya jawo bahon ruwa, ya danna ta ciki da dungulmin hannun, yana juya ta da na hagu kaɗan-kaɗan, idonsa a kan ruwan. Motar da zan hau ta tsaya a tsallake, direba yana ta hon. Na ɗauki jakata na shiga na zauna ta taga. Ƙananan kumfa suka fara tasowa daga gefe ɗaya. Kurma ya ɗora babban yatsan da ya rage masa a kan hujin, ya ciro robar daga ruwa, ya juya ya ce wa matar, "Ƙanwata, miƙo gam."